Tsohon da Yake Raka Baƙuwarsa a Waya

Ku matso kusa, 'yan'uwa, ku kasa kunne ga wani misali.

Akwai wata mace a wani birni, mai ɗinki ce, sunanta Briskila. Mace ce mai zafin nama, hannunta ba ya zama wuri ɗaya, bakinta ma haka. In tana magana da kai, ƙafarta na kan keken ɗinki, idonta na kan tukunya, kunne ɗaya ne kaɗai rabonka. Ba muguwa ba ce, ko kusa. Sauri ne ya yi mata yawa, irin na mutanen birni, kuma kada ku yi mata dariya, don na ga irinta da yawa a kujerun nan.

Wata rana zumuntar mata ta majami'arsu ta zauna shawara. Suka ce, ga tsofaffi can a ƙauyuka, 'ya'yansu sun watse neman abinci, an bar su daga su sai bango. Ƙafarmu ba za ta kai ko'ina ba, amma waya tana kaiwa. Bari kowace mace ta ɗauki tsoho ko tsohuwa, ta riƙa kira tana gaisuwa, ba don a biya ta ba, sai don ƙauna. Briskila ta ɗaga hannu tun ba a rufe baki ba. Aka ba ta lambar wani manomi mai suna Baba Habila, a wani ƙauye da ba ta taɓa takawa ba.

Ɗan tsohon ne ya kawo lambar da kansa. Ya ce tun da mahaifiyarsu Tabita ta rasu bara, Baba ya shige ɗaki ya juya wa duniya baya. Ba gona, ba sujada, ba zaman inuwa da tsararrakinsa. Abinci ma sai an yi da gaske yake taɓawa. Ya ce wa Briskila, "Mama, ba ciwo yake yi ba. Mutuwa yake jira, kuma in aka ƙyale shi haka, ba zai daɗe yana jira ba."

Da la'asar Briskila ta buga masa. Wayar ta yi ta ƙara har ta kusa katsewa, sannan aka ɗauka. Muryar da ta ji kamar daga cikin rijiya take fitowa.

"Wane ne?"

"Baba, barka da yamma. Sunana Briskila, daga zumuntar mata. Na zo gaishe ka ne."

To, kun ji inda zancen ya samo asali. Ita "na kira" take nufi, amma baki ya saba, sai ya ce "na zo". Shi kuwa tsohon mutumin da ne, kalma ba ta wuce shi a banza. Sai ya ce, "Kin zo? To, maraba da baƙuwa. Zauna, ga tabarma nan." Briskila ta yi dariya, ta ce ai ta zauna. Suka yi doguwar gaisuwa. Ya tambayi gajiyar hanya, ya tambayi maigidanta da yara, ya tambaya ko an sami ruwa a birni. Ita ma ta tambayi jikinsa, ya ce lafiya lau, kamar yadda kowa yake cewa ko da yana bakin kabari.

Da ta ga hira ta zo ƙarshe ta ce, "To Baba, zan koma."

Ya ce, "Tsaya in raka ki."

Ta ɗauka barkwanci ne irin na tsofaffi. Ta ji shiru, ta ji motsi, ta ji nishi, can sai ya ce, "To, ki gaida gida." Ta kashe wayar tana murmushi, ta koma kan ɗinkinta.

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Muryar tsohon ta fara fitowa daga rijiyar nan. Ya ba ta labarin dawar da yake shukawa a da, da yadda ƙanshin iska yake gaya masa ruwa na tafe. Ya daina tambayar wane ne, da ya ɗauka sai ya ce, "Baƙuwata ta iso." Abu ɗaya ne yake damun Briskila, wato rakiyar nan. Kullum sai ta ce za ta koma, kullum sai ya ce tsaya, kuma kullum tsayuwar ƙara tsawo take yi. Sai ta samo dabara. Takan maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, ta ɗora ƙafa kan keke, tana ta "to Baba, haka ne Baba," alhali ko kalma ɗaya ba ta shiga. Ƙarar keken ta rufe komai. A ranta takan ce, Allah sarki tsufa, mutum bai ma san yadda ake rufe zance a waya ba.

Ana nan sai bikin wata 'yar majami'arsu ya matso. Aka jibge mata ɗinkin anko, masu kaya suka tsaya mata a ka. Duk da haka ta kira shi, a yaba mata a nan. Suka gaisa a gurguje, ta ce za ta koma, ya ce tsaya in raka ki. Sai ta ce, "Haba Baba, a waya fa muke, wace rakiya kuma? Yi zamanka ka huta." Ta danna, ta kashe. Har wani daɗi ta ji a ranta, wai ta hutar da tsoho.

Da ta sake kira, ba a ɗauka ba. Ta kuma kira, shiru. Ta ce ƙila caji ne ya ƙare, ƙila sabis ne babu. Amma kwanaki suka yi ta ja, ba a ɗauka ba. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don ta tuna abin da ɗansa ya faɗa.

Ran nan da yamma aka ɗauka, amma muryar mace ce. Kyauta ce, matar ɗan ƙanen Baba, wadda take kai masa abinci.

Kyauta ta ce, "Au, ke ce baƙuwar? Ke ce wadda Baba yake rakawa?"

Briskila ta ce, "Rakawa kamar yaya, 'yar'uwa?"

"Kamar yadda ake raka mutum mana! Ashe ba ki sani ba? In kin ce za ki koma, sai ya ajiye wayar kan gado, ya lalubo hularsa, ya sa takalmi, ya ɗauki sanda, sannan ya mayar da ita kunne ya fito. Ranar farko a bakin ƙofar ɗaki ya tsaya. Ni da nake tsakar gida sai da ƙwarya ta kusa suɓuce mini, don rabon da in ga rana ta taɓa fuskarsa tun zaman makoki. Daga baya ya kai zaure. Daga baya ya fita waje. In ya dawo kuwa sai ya ce, Kyauta, da sauran tuwo? Tafiyar nan ita take sa masa yunwa."

Kyauta ta ci gaba.

"Ranar nan ta ƙarshe ya fito kamar kullum, waya a kunne, yana ta nuna miki gari. Har bakin rijiya ya kai, inda bai taɓa kaiwa ba. Sai wani mai ɗiban ruwa ya leƙa wayar ya ce, Baba, ai ba kowa a kai, tuni aka kashe. Mutane suka yi dariya. Ba da mugunta ba, amma dai sun yi. Baba ya sauke wayar ya dube ta, ya ce, ashe ni kaɗai nake tafe. Ya juya ya shige ɗaki. Ga shi can kwance ya ba bango fuska, ko kunu ya ƙi."

Wayyo! Sai a lokacin Briskila ta gane. Sa'ad da take cewa ya yi zamansa ya huta, wayar tana kan gado, shi yana can yana neman hula. Bai ji ta ba. Ta fita daga gidan mutum ba sallama, ta bar shi yana raka iska a gaban jama'a. Kunya ta lulluɓe ta, baƙin ciki ya cika mata zuciya. Ta ɗauke ƙafarta daga kan keke. Ta ce wa masu anko su yi haƙuri su dawo gobe, ta tura ƙofar shago. Sannan ta roƙi Kyauta ta kanga wa Baba wayar a kunne.

Nan cikin shagon, tsakanin ƙyallaye da zare, ba mai ganinta, Briskila ta durƙusa har ƙasa. Ita da ta ce a waya ba a rakiya, ga ta tana durƙuso a waya.

"Baba, baƙuwarka ce. Ga ni a durƙushe. Na tafi ban yi maka sallama ba, na bar ka a hanya. Ka yafe mini."

Can ta ji ya ja numfashi ya ce, "Tashi, 'yata."

"Sai ka yafe."

"Na yafe. Tashi."

Ta ce, "To Baba, rakiyar da ka fara yi mini ba ka ƙarasa ba. Ni baƙuwa ce, ban san garinku ba, ban taɓa ganinsa ba. Ka fitar da ni hanya."

Sai ta ji ya ce, ba da ita ba, "Kyauta, miƙo kunun nan. Ƙafar ba ƙarfi."

Ta jira ya sha. Ta jira ya nemo hula. A karo na farko Briskila ta ba wa wayar kunnuwanta duka biyu, kuma abin da ta ji ya sa tsigar jikinta ta tashi. Ta ji sanda tana taɓa ƙasa. Ta ji takalmi yana ja a hankali. Ta ji ƙofar langa-langa ta yi ƙara, kaji suka watse, wata akuya ta yi kuka daga gefe. Duk wannan yana nan tun ranar farko, ita ce ba ta ji ba. Baba yana tafe yana haki yana faɗa mata, "Ga rumbuna nan a dama, ba komai ciki bana. Ki bi a hankali, akwai dutse. Ga rijiyar." A rijiyar ta ji guga ya tsaya, surutun masu ɗiban ruwa ya ɗauke ɗif. Ba wanda ya yi dariya. Shi kuma bai tsaya ba, ya wuce.

Can gaba sandar ta yi shiru.

"To baƙuwata, nan ne iyakata. Ki gaida gida."

Ta ce, "Baba, me ke gaba?"

Ya ce, "Hanyar bayan majami'a ce, inda muke kwantar da namu. Rakiyar ƙarshe da na yi a hanyar nan ta Tabita ce. Na kai ta, na dawo ni kaɗai. Tun ran nan ban sake taka ta ba, ko kabarin ban je na gani ba."

Briskila ta rufe ido. Ba ta shirya wa'azi ba, ba ta da wata hikima a baki. Abin da ya zo mata shi ta faɗa. "Baba, ka sha raka ni. Yau ka bari ni ma in raka ka. Ba zan kashe ba, ko za a kai gobe."

Ba ta jin komai sai numfashinsa. Sai ga sandar ta taɓa ƙasa, ta sake taɓawa, tafiya ta ci gaba.

Yanzu ku ji abin mamakin. Tana saurare, sai ta ji kamar takun ba na mutum ɗaya ba ne. Ta ce ƙila Kyauta ce. Sai ta ji wani takun mai nauyi ya shigo, sai wani, sai kukan jariri a bayan uwarsa, sai tarin wani tsoho, sai wata sandar daban tana amsa ta Baba. Ba wanda yake magana. Ƙafafu ne kawai suke ta ƙaruwa, har ƙasar hanyar tana amsawa a cikin wayar kamar saukar ruwan sama daga nesa. Masu ɗiban ruwa sun ajiye guga. Masu zaman inuwa sun tashi. Mata sun bar turmi. Ba wanda ya kira su. Sun ga dattijo ya nufi hanyar da ya yi ta gudu, kuma a garin nan ba a barin dattijo ya taka irin wannan hanya shi kaɗai. Briskila tana durƙushe a shagonta a birni, tsoron Allah ya sauko mata. Ita dai ta san lamba ta danna. Wannan da take ji ya fi ƙarfin dannawar yatsanta.

Takun ya tsaya. Baba ya ce, "Ga inda take kwance, 'yata. Ciyawa ta fito." Daga nan ya fashe da kuka, kukan da aka ce ko ranar jana'iza bai yi ba. Wata mace ta ɗauko waƙa ƙasa-ƙasa, sauran suka amsa, maza da mata. Sai a nan tsohon ya ankara. Briskila ta ji waƙar ta ƙara ƙarfi a kunnenta, alamar ya juya ke nan da wayar ya fuskanci jama'a.

Ta ce, "Baba, kai da su wa?"

Ya ce, "Ni da gari, 'yata. Gari duka." Ya ja majina, ya yi wata 'yar dariya cikin hawaye. "Ga Kyauta tana gaya mini wai ranar da muka kawo Tabita ma haka suka biyo ni har gida. Ashe suna bayana. Ni ne ban waiwaya ba."

Jama'a suka rako shi gida da waƙa, har tsakar gidan ta rasa wurin sa ƙafa. Baba Habila bai mutu a ɗakin nan ba. Briskila kuwa ta ci gaba da kira, sai dai wani lokaci yakan ce ta yi haƙuri ta dawo an jima, yana tare da mutane.

To, ga ma'anar wannan misali, kada wani ya koma gida da labari kawai.

Baba Habila ba a ƙauye mai nisa yake ba. Yana cikin danginku, wataƙila lambarsa na cikin wayar da take aljihunku yanzu. Tsofaffinmu ba yunwar tuwo kaɗai suke ji ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana karɓar baƙi, yana shimfiɗa tabarma, yana fitar da mutane hanya, in aka wayi gari ba abin da yake ji sai "yi zamanka, ka huta," to an fara rufe shi da ƙasa tun yana numfashi. Abin takaicin, da kyakkyawar zuciya muke faɗa. Briskila ta ɗauka ita ce mai bayarwa, shi kuma mai karɓa. Alhali abin da ya tashe shi daga gado shi ne ya sami wanda zai yi wa hidima. Saboda haka in tsohuwa ta ce bari in yi maka addu'a, ka sunkuyar da kai ka jira ta gama. In tsoho ya fara labarin da ka riga ka ji, ka ji shi kuma. Ba lokacinka yake ci ba, kana mayar masa da mutuncinsa ne.

Keken ɗinkin nan kuwa kowa yana da nasa. Na wani kasuwa ce, na wani ofis, na wani ma aikin majami'a ne, ina faɗa ne ban ji kunyar kowa ba. Ba zunubi ba ne mutum ya yi aiki. Amma ana iya kiran mutum kowane mako ba a taɓa jinsa ba, kuma shi zai iya mutuwa a tsakiyar "to Baba, haka ne Baba" ɗinmu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi, shi ne yake sa ni rawar jiki duk lokacin da na tuna. Ubangijinmu ma haka yake zuwa, murya ce ba a ganin mai ita. Yakan shigo kamar baƙo, ya zauna a tabarmarmu, ya bar mu muna zaton mu ne muke yi masa rakiya, alhali shi ne yake fitar da mu daga ɗaki taki bayan taki, har ya kai mu wurin da muka fi tsoro, ya tsaya tare da mu a can. Bambancinsa da Briskila shi ne, shi ba ya kashewa. Kai da kake zaune a nan kana cewa a ranka "ashe ni kaɗai nake tafe," ba gaskiya ba ne. Yana tare da kai, jama'arsa kuma suna bayanka. Waiwaya ka gani.

Ku kuma masu sauran ƙarfi, yau ɗin nan kafin rana ta faɗi, ku nemi wani tsoho ku kira. In kun kira, ku ɗauke ƙafa daga kan keke. In kuma ya ce tsaya in raka ka, ka tsaya. Ba ka san daga wane irin ɗaki kake fito da shi ba.